Filin Gwaggo: Ciwo a Dunduniya, Ana Murɗa Wuya

 Ni malamar firamare ce, shekaruna 47, 'ya'yana shida. Tun da na dawo daga Umarar azumin bara dunduniyata ta dama ta hana ni sakat. Da asuba in na sauko daga gado zan yi alwala, takun farko sai in ji kamar ƙusa na taka, sai na dafa bango nake kai kaina banɗaki. In na ɗan zagaya tsakar gida sai ya lafa, in tafi makaranta lafiya lau, amma da zarar na zauna a ofis na ɗan jima na miƙe, sai ya dawo sabo fil. Da yamma kuwa ƙafar zugi take yi. Na sha haɗin kemis har na gaji, na gasa da ruwan zafi, na shafa man zafi, shiru. Uwar mijina ta ce wani abu na taka, a nemo mini rubutu da hayaƙi. Ɗana da ke karatu a waje kuma ya turo mini bidiyon wasu likitocin Turawa da suke kwantar da mutum su murɗa masa wuya ya ce ƙas, ya tashi yana murna. Ya ce kairofirakta ake ce musu, wai duk ciwon jiki daga gocewar ƙashin wuya yake farawa. Yanzu an kai ni wurin wani a nan garinmu da ya ce ya iya, ya kwantar da ni ya duba, ya ce ƙafata ɗaya ta fi ɗaya tsawo saboda wuyana ya karkace. Zuwa goma sha biyu zan yi, kuɗin kuma ya kusa albashina na wata biyu. Gwaggo, in je?

Malama, daga Kano

 Kada ki je. Ƙulle kuɗinki a bakin zani, ki ba ni aron hankalinki.

Ban ga ƙafarki ba, takarda kuma ba ta maye gurbin hannun likita. Amma yadda kika zayyana ciwon nan, duk wanda ya taɓa aiki a sashen ƙashi zai gane shi tun kafin ki cire takalmi. A ƙarƙashin tafin ƙafar kowa akwai wani tantani mai kauri da tauri, ya kama daga ƙashin dunduniya ya miƙe ya rarrabu zuwa gindin yatsu biyar. Ƙasusuwan ƙafa 26 ne, an jera su a lanƙwashe kamar baka, tantanin nan kuwa shi ne tsirkiyar. Duk takun da kika yi nauyinki yana danna bakan, tsirkiya tana miƙewa tana riƙe shi. In aikin ya yi mata yawa, sai zarurrukanta su fara tsintsinkewa daidai inda aka ɗaure ta a ƙashin dunduniya. Likitoci suna kiran wannan filanta fashaitis. Ana ƙiyasta mutum 1 cikin 10 zai gamu da shi a rayuwarsa, kuma ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, da masu wuni a tsaye, da waɗanda jiki ya yi wa nauyi. Sa babban yatsan hannunki ki danna ƙasan dunduniyar, ɗan gaba kaɗan, ta ɓangaren da ke kallon ɗaya ƙafar. In kin ce wash, to kin taɓa wurin.

Ciwon asuba kuwa ga dalilinsa. Kina barci ƙafa tana saki, yatsu su sunkuya, tantanin ya tsuke, jiki ya kwana yana ɗinke ɓarnar da aka yi da rana a haka a tsuke. Kina dira ƙafa a siminti sai ɗinkin ya buɗe. Haka yake faruwa bayan zaman ofis.

Ban kuma yi mamakin da Umara ya fara ba. Tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3. Ga ɗawafi, ga zirga-zirga daga masauki zuwa Harami, ga tsayuwar tarawihi da tahajjud, mafi yawa a kan marmara ba takalmi. Ƙafar da ta saba daga gida sai aji aka ɗora mata wannan cikin sati biyu. Alhazai da yawa suna dawowa da wannan tsarabar tare da dabino da zamzam. Allah ya karɓi ibada, ya sa kaffara ne.

Aikin da za ki yi ba ya cin kuɗi, lokaci yake ci. Gobe da asuba, kafin ƙafarki ta taɓa ƙasa, zauna a bakin gado ki ɗora ƙafar mai ciwo a kan gwiwar ɗayar. Kama yatsun gaba ɗaya da hannu ki ja su baya wajen ƙwauri, irin lanƙwasar da suke yi a sujada. Shafa tafin ƙafar da ɗaya hannun, za ki ji tantanin ya taso ya yi tauri a ƙarƙashin fata. Ƙirga goma a hankali ki saki, ki sake, har sau goma. Ki yi haka sau uku a rana, da duk lokacin da za ki tashi daga dogon zama. Minti biyu ne, ba za ki rasa sallar asuba ba.

Sai sha-raɓa. Agara da tantanin nan duk a ƙashin dunduniya suke ɗaure, ɗaya ta baya ɗaya ta ƙasa, in sha-raɓa ta ɗaure sai ta riƙa jan ƙashin, tantanin ya sha wuya. Dafa bango da hannu biyu, ki mayar da ƙafar mai ciwo baya, gwiwa a miƙe, dunduniya manne da ƙasa, ki tura ƙugu gaba har ki ji jan a sha-raɓa. Daƙiƙa 30, sau uku, safe da yamma. Idan zafin ya ɗan sauka bayan wasu makonni, ƙara da wannan: naɗe ƙaramin tawul ki sa a bakin dandamali, ki taka da yatsu a kan tawul ɗin, dunduniya a waje, ki dafa wani abu, ki ɗaga jiki a hankali, ki ɗan tsaya, ki sauko a hankali. Fara da ƙafa biyu, kuma yau ki yi gobe ki huta. An gwada wannan a ƙasar Denmak, aka ga masu yin sa sun riga masu miƙa tantani kawai samun sauƙi a wata uku na farko, ko da yake bayan shekara duk sun zo daidai.

Takalmi shi ne inda mata suka fi yi mini gardama. Silifas ɗin banɗaki da fade mai lafe da ƙasa su ne abokan gabar dunduniyarki, yawo ba takalmi a kan tayil kuma ya fi su. In kin je kasuwa ɗauki takalmin ki gwada naɗe shi. In ya naɗe gida biyu a hannunki, mayar wa mai shi. Nemi mai kaurin ƙasa, mai ɗan tudu a baya, wanda bai lanƙwasa sai daidai gindin yatsu. Kambas ya fi komai. Na san malama da atamfa da mayafi da kambas abin kallo ce a wasu makarantun. Su kalla. Ki ajiye wani mai taushi a gefen gado, na cikin gida, kada ki taka ƙasa sai da shi. Manyan shagunan magani suna sayar da wani ɗan matashin roba da ake sawa a ƙarƙashin dunduniya cikin takalmi, yana taimakon wasu.

Da yamma in kin dawo, daskarar da ruwa a gorar roba, ki sa safa, ki riƙa mirgina ta a ƙarƙashin tafin ƙafa na minti 10 kina zaune. In babu wuta, kwalba haka nan ma tausa ce. A aji nemi doguwar kujera, ki bar yara su riƙa fitowa allo, su ma amfaninsu ne. Shimfiɗa darduma mai kauri, ki kuma tambayi malamai rangwamen da ke akwai na yin nafila a zaune. In jiki ya ƙaru bayan haihuwa shida, ba gori nake miki ba, amma ko kilo kaɗan ya ragu ƙafa tana ji.

Haɗin kemis ki daina. Sau da yawa ƙwayoyi biyu ko uku ne 'yan gida ɗaya, irin su diklofenak da ibufurofen, aka tara a leda guda. Tara su ba ya ƙara warkarwa, sai dai ya ƙwaƙule ciki ya kawo olsa, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini. In za ki sha, iri ɗaya, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki, bisa shawarar likita.

Ga maganar da ba ta da daɗi: wannan ciwo ba ya sauri. Kimanin mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna rabuwa da shi ba tare da an yi musu aiki ba, amma watanni ake ƙirgawa, wani har shekara. Tunda naki ya daɗe, kada ki tsaya a wasiƙata. Je sashen gashin ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, su tabbatar shi ne, su koya miki motsin da hannunsu. Suna ɗaure tafin ƙafa da filasta ta hanyar da ke rage wa tantanin nauyi, akwai kuma wani takalmin kwana da ke hana ƙafa sunkuyawa cikin dare.

Uwar mijinki ki karɓi addu'arta hannu bibbiyu, addu'a ba ta hana jan yatsu. Abin da ban yarda ba shi ne a tsaga dunduniyar, ko a yi mata sakiya, ko a kara ta a dutse mai zafi. Kuma kada a bari maganar "wani abu kika taka" ta girma har a fara hararar maƙwabciya. Ciwon da yake lafawa in an yi taku ashirin, ya dawo in an zauna, ciwon nama ne da jijiya.

To, mu zo kan wuya. Maganar da ɗanki ya kawo ba a bidiyo aka fara ta ba. A 1895, a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, wani mai suna Daniel David Palmer, wanda ya taɓa sayar da kayan masarufi kafin ya koma maganin da ya kira na maganaɗisu, ya danna bayan wani mai shara a gininsu, Harvey Lillard, da ba ya ji sosai, ya ce jinsa ya dawo. A kan wannan ya gina ra'ayin cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar ƙasusuwan gadon baya suke. A 1906 har an kulle shi saboda yin aikin likita ba lasisi. Ɗansa B.J. Palmer ne ya bunƙasa makarantar koyar da wannan sana'a, shi ne kuma a shekarun 1930 ya dage cewa ƙashin wuya na can sama shi ne tushen matsala. Ke nan abin da aka gaya miki ya kusa shekara ɗari ana faɗarsa, kuma har yau ba a kawo hujjarsa ba. Hukumar da ke kula da 'yan wannan sana'a a Birtaniya da kanta ta fito a 2010 ta ce babu binciken da ya nuna wannan gocewar tana haddasa cuta.

Zan ba su haƙƙinsu. A Amurka da Kanada da Birtaniya sana'a ce mai lasisi, ana shekaru ana karatunta, kuma da yawansu sun ajiye waccan tsohuwar da'awa. Ga ciwon ƙugu na yau da kullum aikinsu yana ba wasu sauƙi, kwatankwacin abin da motsa jiki da gashin ƙashi ke bayarwa. Na kirki a cikinsu in kika kai masa dunduniya, dunduniyar zai kama: miƙa tantani, filasta, shawarar takalmi, wato abin da na gama gaya miki. Amma jijiyoyin da ke zuwa ƙafa daga ƙugu suke fitowa, ba daga wuya ba, ciwonki ma kuma ba na waɗannan jijiyoyi ba ne. A murɗa miki wuya saboda dunduniya, an bar jaki ana dukan taiki.

Zancen ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kuwa tsohuwar dabara ce. Yawancin mutane ƙafafunsu ba daidai suke cif ba, ba kuma abin da ya dame su. Wanda aka kwantar a tebur aka haɗa masa dugadugai ana dubawa da ido, ƙugunsa ya ɗan karkata kawai ya isa ƙafa ɗaya ta zarce. Bayan ƙas sai a gyara masa kwanciya a ce ga shi sun daidaita. Duk wanda ya yanke miki zuwa goma sha biyu tun kafin ya ga yadda na farko zai kasance, lissafinsa yake yi. Tambaye shi inda ya yi karatu da takardar rajistarsa. Masu gashin ƙashi a Najeriya suna da hukumar da ke yi musu rajista, MRTB, wanda ya cancanta ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ɗanki kuwa ƙauna ce ta sa shi. Sa masa albarka, ki ce kuɗin wuyan ya sayo miki kambas lamba kaza. Ki kuma karanta wasiƙar da ke biye.

*

Gwaggo barka da aiki. Ni tela ne, shekaruna 29. Wuni nake a sunkuye kan keke, wuyana kullum a ƙage. Mai askina in ya gama sai ya kama haɓata da ƙeyata ya juya kaina dama da hagu ya yi ƙara, ina jin daɗin abin ƙwarai. Ranar Juma'a da ya yi mini sai na ji wani zafi ya soke ni a ƙeya ta hagu. Da daddare jiri ya ɗebe ni, na riƙa ganin abu bibbiyu na 'yan mintoci, na yi amai, sai ya wuce. Yau kwana uku ke nan ciwon ƙeyar bai tafi ba, kuma ban taɓa jin irinsa ba. Abokaina sun ce in koma ya juya ɗaya ɓangaren ya daidaita. Ko shawara ce ta kama ni?

Tela, daga Zariya

Ɗana, wannan na riga na amsa maka ranar da saƙonka ya iso, na ce ka ajiye almakashi a kai ka asibiti yanzu, kada ka tuƙa babur da kanka, kada kowa ya sake taɓa maka wuya. Ina buga wasiƙarka a nan ne saboda abokanka da ire-irensu.

Ƙasusuwan wuya bakwai ne. Akwai jijiyoyin jini biyu, dama da hagu, da suke hawa ta cikin ramukan da ke gefen shida na sama, su yi kwana a jikin na ƙarshe kafin su shige ƙoƙon kai. Su ke kai jini bayan ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa tsayuwa daidai, da gani, da haɗiya. In aka fizge kai da ƙarfi zuwa ƙarshen juyawarsa, jijiyar tana miƙewa a wannan kwanar, wani lokaci fatarta ta ciki ta tsage. Jini ya kutsa cikin bangon jijiyar, hanya ta ƙuntata, gudan jini ya taru. In gudan ya ɓalle ya wuce sama, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Ba lallai a kan kujerar mai aski ba, yakan ɗauki sa'o'i ko kwanaki. Irin wannan tsagewar tana cikin manyan dalilan shanyewar jiki ga waɗanda ba su kai 45 ba. Sabon ciwon ƙeya a gefe ɗaya, da jiri, da ganin abu bibbiyu da ya zo ya wuce, gargaɗi ne. Haka harɗewar harshe, ko tangaɗi, ko sarƙewa wajen haɗiya, ko fatar ido ɗaya ta sauko, ko hannu ya yi nauyi.

A asibiti ka faɗa musu ƙarara cewa an murɗa maka wuya, ranar kaza, ga abin da ya biyo baya. Wannan jimlar ita za ta sa su nemi hoton jijiyoyin wuya da na kai maimakon su rubuta maka maganin maleriya. In an gano da wuri, magungunan hana jini daskarewa ake bayarwa, kuma galibi jijiyar tana warkewa cikin watanni. Kada ka saya ka sha da kanka kafin a yi hoto.

Abin ba ya yawan faruwa, dubban mutane ana murɗa musu suna tashi lafiya, masana kuma suna da saɓani a kai. Wani bincike da aka yi a lardin Ontario na Kanada a 2008 ya ga cewa masu irin wannan shanyewa sun ziyarci likitan asibiti kafin ta same su kamar yadda suka ziyarci kairofirakta. Aka fassara shi da cewa wasu jijiyar ta riga ta tsage, ciwon wuyan da ta haifar shi ya kai su neman taimako. Duk da haka a 2014 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce akwai alaƙa tsakanin murɗa wuya da tsagewar, kuma a riƙa sanar da mutum kafin a yi masa. A 2016 wata mai tallan kaya a Los Angeles, Katie May, ta rasu tana da shekara 34, mai binciken gawa ya ce tsagewar jijiyar ce sakamakon murɗa wuyan da aka yi mata.

Ni a wurina ko wanne ɓangare ya yi gaskiya, hukuncin ɗaya ne. In murɗawar ce ke tsaga jijiyar, a bari. In kuma jijiyar ta riga ta tsage ciwon wuya ne alamarta, to babu abin da ya fi muni kamar a fizge wannan wuyan, kuma wanda ya yi shekaru yana karatu ma yana iya kasa bambancewa, balle mai aski. Me ake samu a madadin wannan kasada? Ƙara. Ƙarar nan ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa. Kumfar iska ce ke samuwa a cikin ruwan gaɓa in an ja ta farat ɗaya, masu bincike a Jami'ar Alberta sun ɗauki hotonta a yatsa a 2015. Shi ya sa sai an jira kamar minti 20 kafin gaɓar ta sake yin ƙara. Sakin da kake ji na ɗan lokaci ne, shi ya sa kake komawa duk Juma'a. Garin neman gira kada a rasa ido.

In ka warke, wuyan tela a shago ake gyara shi. Daidaita kujera da keke yadda ba sai ka kifa kai ba, ƙara haske a kan allura, ka riƙa miƙewa duk rabin awa ko da ɗaukar zare ne. Kana zaune ka ja haɓa baya a hankali ba tare da ka sunkuya ba, ƙirga biyar, ka saki, sau goma. Tawul mai ɗumi da daddare, matashi ɗaya ba uku ba, wayar nan kuma a ɗago ta zuwa fuska. Mai aski ya matsa maka kafaɗa in yana so, amma ka ce masa aski kawai. Ba raina wanzamai nake ba, sun san aska sun san ƙaho, sai dai babu wanda ya gaji sanin abin da ke cikin jijiyar wuya. Tsofaffi masu raunin ƙashi, da masu shan maganin tsinka jini, da jarirai, su ko kusa kada a gwada musu.

*

Hajiya Gwaggo, ni ɗan kasuwa ne, shekara 58, ina da ciwon suga. An yi mini hoto an ce ƙaya ta fito a ƙashin dunduniyata. An yi mini allura a wurin sau biyu, kowacce wata guda ta yi ciwon ya dawo. Na gaji. Ina so in je a yi aiki a cire ƙayar in huta. Kuɗi ba matsala ba ne.

Alhaji, daga Maraɗi

Alhaji, Allah ya ƙara arziki, amma wannan ba ciwon da kuɗi ke gaggauta shi ba ne. Sake duba hoton. Tsinin da suka nuna maka gaba yake kallo, wajen yatsu, a kwance, ba ƙasa yake kallo ba balle ya soke ka. Jama'a da dama suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba, sai an yi hoto don wani dalili a gan shi, waɗanda suka warke kuma tsinin yana nan inda yake. Alama ce ta cewa wurin ya daɗe yana shan ja.

Allurar aikinta ke nan, kusan wata guda take rufe ciwo. Maimaita ta yana raunana tantanin har ya tsinke, yana kuma narkar da kitsen da Allah ya shimfiɗa a ƙarƙashin dunduniya, wanda in ya tafi ba ya dawowa. Ga mai suga kuma tana ɗaga sugan na kwanaki. Biyu sun isa, kada a yi ta uku sai likitan ƙashi ya ga dole.

Aiki shi ne na ƙarshe, bayan an yi watanni shida zuwa shekara ana motsin da na koya wa Malama a sama da gaske. A wasiƙarka ban ga inda ka ce ka yi ko ɗaya ba. Yanka a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne, rauni yana jinkirin warkewa. Wasu manyan asibitoci suna da na'urar da ke bugun wurin da girgizar sauti ba tare da yanka ba, ka tambaya. Kafin komai a gwada jin ƙafarka. In tana yin dindiris, ko zafi kamar barkono cikin dare, ko kana jin kamar a kan auduga kake tafiya, sugan ne ya taɓa jijiya, maganinsa kuma daban. Kai ban da ruwan zafi, ban da ƙanƙara, domin ƙafar da ba ta ji sosai tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Kullum kafin ka kwanta a duba maka tafin ƙafa da tsakanin yatsu.

*

Gwaggo, yarona ɗan shekara 11 mayen ƙwallo ne. In ya dawo daga fili sai ya riƙa ɗingishi yana tafiya a kan yatsu, ya ce dugadugansa biyu ke ciwo. Babansa ya ce targaɗe ne a kai shi wurin maɗori a ja. Irin ciwon manya ne ya kama shi tun yanzu?

Uwar yara, daga Jos

'Yata, da wuya ya zama irin na manya. A wannan shekarun bayan ƙashin dunduniya bai gama haɗewa ba, akwai guringuntsi a wurin da yake girma, agara kuma tana jan sa duk gudun da ya yi. Matsa masa dunduniyar ta gefe da gefe, in nan ne ke ciwo to shi ne. Yana wucewa da kansa in ƙashin ya haɗe, ba ya barin naƙasa. Ki lallashi babansa, babu abin da ya goce balle a ja, jan ma ƙara fama wurin zai yi. A rage masa ƙwallo na 'yan makonni, a hana shi buga ta ba takalmi a busasshen fili, ya riƙa miƙa sha-raɓa a jikin bango kafin wasa da bayansa. Amma in akwai zazzaɓi, ko kumburi da ɗumi a wurin, ko ciwon yana tashe shi cikin dare, ko ya taka ƙusa kwanan nan, ko yana da sikila, to kada ki jira sati ya zagayo, kai shi asibiti a duba ƙashin.